CIWON KAFAƊA: KADA KI CE SANYI NE KAWAI

Uwargida, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani da damina ana noma a ƙasar Kura da Bunkure. Daka, sussuka, turara shinkafa, ɗaukar kwandon tumatir, duk kafaɗa ce ke shan wahalarsu.

ME KE CIKIN KAFAƊA?
Akwai jijiyoyi 4 da suka rungume kan ƙashin hannu, su ke ɗaga shi, su ke juya shi. Ɗaya daga ciki takan yage in mutum ya faɗi ko ya fizgi kaya mai nauyi. Takan kuma cinye a hankali kamar igiyar guga a bakin rijiya, musamman in an wuce shekara 40.

KI LURA DA WAƊANNAN
1. Ciwo da dare in kin kwanta ta wannan gefe.
2. Ɗaura ɗankwali ko sauke tulu ya gagara.
3. Hannu ya rasa ƙarfi.

In haka ta faru bayan faɗuwa, ki zo asibiti cikin makon nan. Ɗori, ƙaho da tsaga ba sa haɗa jijiya.

A ASIBITI
Ba kowa ake yi wa aiki ba. Da yawa magani da motsa hannu sun ishe su. Amma jijiyar da ta tsinke daga ƙashi ba ta komawa da kanta. In ana bukata, za a tura ki Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A can likita zai jawo jijiyar ya ɗinke ta a jikin ƙashi. Kina barci za a yi, ba za ki ji zafi ba. In an yi jinkiri, jijiyar takan noƙe, tsokar ta rame, har ɗinki ya gagara.

BAYAN AIKI
Hannu zai zauna a rataye mako 4 zuwa 6. Ban da daka, jan guga da saɓa goyo sai likita ya ce, wannan kuwa yakan kai wata 4 zuwa 6. Ki riƙa zuwa gashi ranar da aka ba ki. Gaggawa na iya warware ɗinkin. Tun kafin ranar aiki, ku shirya da maigida wadda za ta kama miki aikin gida da raino.

DA ZAFI-ZAFI AKAN BUGI ƘARFE. KI ZO DA WURI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano