Kufai da Rabon Filaye a Ƙasar Jazira

Kayan tarihin yankin Jazira na Sudan mafi yawansu ba gine-gine ba ne masu ɗaukar ido. Tuddai ne 'yan ƙanana a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka, a kansu sakainar tukwane da gutsattsarin jan bulo. Manomin garin Hajj Abdalla da garmarsa ta tono tsingaro zai iya wurgar da shi gefen gona ya ci gaba da huɗa, alhali wataƙila kan makabarta yake tsaye.

Jabal Moya, yamma da Sinnar, ya nuna abin da irin wannan ƙasa ke ɓoyewa: tsakanin 1910 da 1914 ma'aikatan Henry Wellcome sun tono kaburbura kusan 3,000 a kwarin dutsen. Soba kuwa, babban birnin daular Alwa a gaɓar Shuɗin Nilu, bulonta aka kwasa a ƙarni na 19 aka gina Khartum, yanzu kuma gidaje da titi sun ci wani sashe na kufanta.

Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta mayar da irin waɗannan abubuwa mallakar ƙasa, ta ɗora kulawarsu a wuyan hukumar kayan tarihi da gidajen adana su, ta kuma buƙaci a binciki wuri kafin a fara babban aiki a kansa. Ma'auninta na kayan tarihi shekara 100 ne. Ke nan madatsar ruwan Sinnar, da aka kammala a 1925, ta kai wannan shekaru, haka ma garin Maiwurno da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sai dai ba a Khartum ake yanke makomar tudu ba. A ofishin ƙaramar hukuma ake yanke ta, ranar da ake auna filayen gidaje ko shata hanyar ruwa. Tudun da ba ya cikin taswirar mai awo, fili ne kawai a wurinsa, kuma katafila kan baje shi kafin azahar.

Ƙubbobin shehunan Abu Haraz sun tsira ne domin suna da masu ziyara, kowa ya san sunayen masu su. Tudu ba shi da mai ziyara. Abin da ke cetonsa shi ne dattawan ƙauye su nuna shi, a sa shi a taswira, a kafa masa alamar iyaka tun ba a raba takardun filaye ba.