Inji Na Hawa Da Sauka A Silo: A Nemi Iska Kafin A Kwance Famfo

Duk wanda ya tashi a Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Kafur ko Malumfashi ya san sautin nan. Tarakta tana tsaye a bakin gona, ko tsohuwar Marsandi 911 tana jiran lodin masara a kasuwar Ɗandume, ba wanda ya taɓa totur, sai ka ji inji ya ɗauki wuta da kansa, ya sauka kamar zai mutu, ya sake ɗauka. Jim kaɗan ya daidaita, kai ka ce ba shi ba ne. Gobe ya wuni lafiya lau, jibi ya koma halinsa.

Amsar da aka saba ji a gareji ita ce, "Alhaji, famfo ne, sai an kwance an kai saiti." To, kwance famfon injekta ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuɗin saiti, ga na kayan gyara, wani lokacin ga na mota zuwa Zariya ko Kano, sannan ga kwanakin da tarakta za ta yi a ajiye. In abin ya faɗo a watan Yuni, lokacin da kowa ke layin haro da huɗa, kwana huɗu kacal na iya raba manomi da shuka a kan kari. Abin da na koya a aji, na kuma gani a garejin da na yi horon SIWES, shi ne sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau. Abin da ake tura masa ne ba daidai ba.

Yankinmu ya daɗe da injinan gas. Tun 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Har yau za ka ga Massey Ferguson mai injin Perkins, da Steyr irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat irin na Kano, suna aiki. Babu kwamfuta a jikinsu, ba inda za ka jona na'ura ta faɗa maka ciwo. Kunne ne da ido da bin abu daki-daki.

Me ya sa sai a silo?

A yawancin tsofaffin injinan gas, totur ba ya tare iska kamar na injin fetur. Iska na shiga son ranta, yawan man da aka fesa shi ke yanke gudun inji. Mai kula da wannan awo wata na'ura ce a jikin famfo da ake kira gwamna: 'yan ƙarafa masu nauyi da ke juyawa, da sifirin da ke ja musu birki. Gudu ya ƙaru, ƙarafan su buɗe su rage mai. Gudu ya ragu, sifirin ya rinjaye su a ƙara mai.

A silo, inji na juyi kamar 600 zuwa 800 a minti ɗaya, man da kowace nozul ke fesawa kuwa bai kai ɗigo ɗaya ba. Ƙarafan gwamna ma a lokacin ƙarfinsu kaɗan ne. Saboda haka ɗan kumfan iska ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. Gas ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai famfo ya tura amma abin da ya isa silinda bai kai ba. Gudu ya faɗi, gwamna ya buɗe mai sosai, kumfan ya wuce, mai ya zo da yawa, inji ya zabura. Haka za su yi ta bin juna. Da an taka totur ana aiki, man da ke wucewa ya yi yawan da matsalar ke ɓuya.

Tambaya kafin sufana

Ciwon da ke zuwa yana tafiya ba ya son gaggawa, don ranar da aka kai mota gareji ran nan za ta yi lafiya. Ruwa kuma ba ya tsami banza. Ka tambayi direba ko yaron mota: da sanyin safiya yake yi ko sai inji ya yi zafi? Tanki a cike ko ya yi ƙasa? A kan hawa aka tsaya? Bayan canza filta ya fara, ko bayan an sha mai a sabon wuri? Ka ce su ɗauki sautin da waya duk lokacin da ya tashi, su ɗauki hoton hayaƙin salansa. Injin da ke yi sai tanki ya yi ƙasa, ai ya riga ya nuna maka bututun da ke cikin tanki.

Iska, datti da ruwa

Abin da ke ruɗar mutane shi ne su duba ƙasan mota su ga ba ɗigon mai, su ce ai ba inda ke yoyo. Daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai, zuƙa ake yi. Ƙofa in ta samu a nan, iska ce za ta shiga, mai ba lallai ya fito ba. Tiyon da rana ta busar ya tsattsage, washar jan ƙarfe da aka maida sau biyar, robar filta da ta zauna a karkace, duk ƙofofi ne.

Gwaji biyu ne, kuma kusan kyauta. Na farko, ka sa guntun tiyo fari, wanda ake ganin cikinsa, a layin da ke kai mai famfon injekta, ka tayar da inji ka zuba ido. In kumfa na wucewa daidai lokacin da sauti ke canzawa, ka kama ɓarawonka. Na biyu, ka cika jarka mai tsabta da gas ɗin da ka yarda da shi, ka ɗaga ta sama da inji, ka jona ta da filta kai tsaye, ka cire iskar layin da ɗan famfon hannu. In inji ya natsu, famfon injekta ya fita daga zargi, matsala tana tsakanin tanki da filta.

Daga nan ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fuus" kuma inji ya daidaita, ƙurar hunturu ta toshe hujin numfashinsa. Ka duba kofin gilas da ke ƙarƙashin filta, ruwa ya fi gas nauyi, a ƙasa zai kwanta. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 kuma, sayen man jarka a bakin titi ya ƙaru, wani an sirka shi da kananzir. Famfon CAV irin na Massey Ferguson da gas ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, kananzir kuwa santsinsa kaɗan ne. Arhar yau, famfo ne zai biya ta a gaba.

Na ga tarakta da aka kawo da niyyar a kwance mata famfo. Maigidana ya ce a bari a sa farin tiyo tukuna. Ba a yi minti biyu ba kumfa ya fara wucewa. Washa biyu aka canza, mai ita ya koma gona kafin la'asar.

Nauyin da ke hawa yana sauka

Wani lokacin inji ba shi da laifin komai, wani abu ne ke ɗora masa kaya yana saukewa. In an ɗaga haro sama kuma akwai yoyo a cikin na'urar ɗagawa, haro zai ɗan sauka, famfonta ya sake ɗaga shi, kowane ɗagawa ka ji inji ya amsa. Ka sauke haro ƙasa ka saurara. Haka babbar mota mai birkin iska: in tankin iska na yoyo, kwamfiresa zai riƙa kamawa yana saki.

Sai nozul, sai famfo

In duk waɗannan sun fita, a duba sandar totur da sifirinta, kada a ce ta yi lako-lako ko tana maƙalewa. Sannan nozul. Inji na silo, ka sassauta notin bututun kowace nozul, ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya, da ka sassauta za ka ji inji ya rage. Wadda ba ta canza komai ba ita ce abin zargi. A nan fa a kula: ƙarfin man nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau sittin ko fiye, yana huda fata. Kada ka kai yatsa, ka rufa tsumma a kan notin.

Sai bayan nan ake maganar famfo. A irin na Bosch mai layi, kamar na Marsandi 911, sandar da ke auna mai kan maƙale saboda datti ko tsatsa, sifirin gwamna kan gaji. Wannan aikin masu injin gwaji ne. Juya notin da kamfani ya ɗaure da dalma a ƙarƙashin bishiya, da sunan ƙara wuta, shi ke maida ƙaramin ciwo babba.

Wanda ba a wasa da shi

Akwai hawan da ba a tsayawa bincike. Injin gas yana iya cin baƙin mansa. Hakan na faruwa in an cika tukunyar tace iska mai baƙin mai fiye da layinta, ko turbo ya fara zubar da mai ta hanyar iska, ko gas ya riƙa zirarewa cikin baƙin mai ta robar ƙaramin famfo da ta yage. Alamunsa: hayaƙi fari ko shuɗi mai yawa, hawan yau ya fi na jiya, sandar auna baƙin mai na nuna ƙaruwa alhali ba wanda ya ƙara, kuma yana warin gas. Irin wannan inji a kashe shi, kada a sake tayarwa sai an gano dalili.

In kuwa ya riga ya ƙwace, jan wayar kashewa ba zai yi komai ba, tunda ba gas yake sha ba. A toshe bakin shigar iska da faffaɗan katako, ban da hannu, ban da tsumma, don zai haɗiye shi. Ko a danne birki, a sa giya mafi girma, a saki kuloci. In bai yiwu nan take ba, kowa ya yi nesa. Inji ana sayen wani.

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kanikanci da na injiniyan noma, yawancinmu akwai tsohuwar tarakta ko injin casa a gidanmu ko a maƙwabta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an tafi hutu kafin ruwa ya sauka, a tafi da mita ɗaya na farin tiyo, da sababbin washa, da ɗan littafin rubutu. A wanke tanki, a canza filta, a rubuta ranar da aka yi. Allah ya ba mu damina mai albarka.