Ciniki daban, riba daban: Lissafin da ke gaban manoma da 'yan kasuwar hatsi a ƙasar Maska

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 da sabbin dokokin haraji suka fara aiki a Najeriya, tambaya guda ke yawo a bakin masu sayar da hatsi da shugabannin ƙungiyoyin manoma: shin duk kuɗin da ya shiga asusun mutum na banki za a cire masa haraji? Amsar doka ita ce a'a. A kan riba ake ɗora harajin mai sana'a, ba a kan yawan cinikinsa ba. Sai dai wannan amsa ba ta da amfani ga wanda ba zai iya nuna iyakar ribarsa a rubuce ba.

A yankin Funtuwa, Bakori, Ɗandume, Ƙafur da Malumfashi, inda masara da dawa da waken suya da auduga ke juya miliyoyin Naira a kowace kaka, har yanzu mafi yawan lissafi a ka yake, ko a bayan kwalin da aka yaga, ko a cikin saƙonnin waya. Nan ne matsalar take.

Haraji ba baƙo ba ne a nan

Ƙasar Maska ta san haraji tun kafin zuwan Turawa, lokacin da ake karɓar kuɗin ƙasa daga manoma da jangali daga makiyaya. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, aka kafa baitulmali a Katsina, tsarin da daga baya ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Bayan da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa, noman auduga ya bunƙasa, kuma da kuɗinta ne magidanta da yawa ke biyan harajin shekara.

Wancan haraji na kai ne, wato ana yanka wa kowane baligi abin da zai biya ko ya samu ko bai samu ba. Shi ne Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke tare da jangali a 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Harajin yanzu ya sha bamban da wancan. Ba kan mutum ake ƙirgawa ba, abin da ya samu ake aunawa, kuma ba a iya auna samu sai da littafi.

Abin da sabuwar doka ta tanada

Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin guda huɗu a ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Hukumar FIRS ta koma NRS, amma harajin mutum ɗaya mai sana'ar kansa yana nan a hannun hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jihar da yake zaune.

An tsara harajin hawa-hawa. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100 ne. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Harajin VAT yana nan a kashi 7.5, amma ba a ɗora shi a kan kayan abinci na yau da kullum.

Akwai sharuɗɗa biyu da ba a cika ambatarsu a majalisar hira ba. Na farko, doka ta wajabta wa mai sana'a ajiye bayanan kasuwancinsa na aƙalla shekara shida. Na biyu, idan aka kasa gano samun mutum saboda ba ya ajiye bayani, hukuma na da ikon yanka masa haraji bisa ƙiyasi. Wato wanda bai rubuta ba, wani ne zai rubuta masa.

Lissafi na farko: ɗan kasuwar masara

Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

A ce wani ɗan kasuwa ya sayi buhun masara 400 da kaka, kowanne a kan Naira dubu 30. Jarinsa ya kama Naira miliyan 12. Ya kashe Naira miliyan 1.2 a kan kuɗin mota, 'yan dako, buhuna, maganin ƙwari, hayar sito, la'adar dillali da tikitin kasuwa. Da bazara ya sayar da buhu 350 a kan Naira dubu 38, cinikinsa ya tashi Naira miliyan 13.3.

Idan ya lissafa da ka zai ce ya fitar da miliyan 13.2, ya mayar da miliyan 13.3, don haka wahalar shekara guda ta tashi a Naira dubu 100. Wannan kuskure ne, domin ya manta da buhu 50 da ke sito, waɗanda kuɗin sayensu Naira miliyan 1.5 ne. Kayan da ba a sayar ba dukiya ce, ba asara ba.

Lissafin gaskiya shi ne a cire kuɗin sayen buhu 350 ɗin da aka sayar, wato miliyan 10.5, daga cinikin miliyan 13.3. Saura miliyan 2.8. A cire ɗawainiyar miliyan 1.2, ribarsa ta zama Naira miliyan 1.6. Dubu 800 na farko ba a taɓa su, dubu 800 da suka rage a cire kashi 15. Harajinsa na shekara Naira dubu 120 ne.

Yanzu a juya lamarin. Da za a ɗauki miliyan 13.3 da suka ratsa asusunsa a matsayin samu, harajin zai kai Naira miliyan 2 da dubu 223, wato ya haɗiye ribar duka ya taɓa uwar kuɗi. Doka ba ta ce a yi haka ba. Amma abin da ke tsakanin dubu 120 da miliyan 2 ba wani abu ba ne illa shaidar cewa ya sayi kayan a kan farashi kaza, ya kuma kashe kaza wajen ɗawainiyarsu. Kuɗin da aka miƙa a kan hanya ba tare da rasit ba, ko na dako da ba a rubuta ba, da wuya a karɓe su a matsayin kuɗin da sana'a ta ci.

Abubuwa biyu kuma na rikita irin wannan ɗan kasuwa. Ɗaya bashi: buhunan da ya bayar sai an sayar a kawo kuɗi ciniki ne, ko da kuɗin bai shigo ba, don haka suna buƙatar shafi nasu mai ɗauke da suna da rana da adadi. Ɗayan kuma cefanen gida. Kuɗin makarantar yara, na biki da na asibiti ba ɗawainiyar kasuwa ba ne. Mai ɗiba daga aljihu ɗaya kan wayi gari jari ya ƙare bai san ta inda ya zurare ba, sai ya ɗora laifin a kan kasuwa.

Lissafi na biyu: injin ƙungiya

Ƙungiyoyin gama kai sun ƙaru a yankin tun bayan da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, domin ta hannun ƙungiya ake samun taki da iri. An daɗe ana taƙaddama a kan biyan wancan rance a faɗin ƙasar nan, kuma duk inda babu rajistar da ke nuna wanda ya karɓa da wanda ya mayar, mai gaskiya da maƙaryaci kan tashi a ma'auni ɗaya.

Ga misali daga cikin abin da ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe a kai. Wata ƙungiya ta tara Naira miliyan 3 ta sayi injin casar masara, wanda ake sa ran zai yi aiki shekara biyar. A kakar farko injin ya samo miliyan 1.5. Mai, ladan matuƙi da gyare-gyare sun ci dubu 700. Saura dubu 800, aka raba wa mambobi aka yi murna.

Amma injin yana tsufa. Idan aka raba miliyan 3 gida biyar, kowace shekara yana cin Naira dubu 600 daga darajarsa. Wannan shi akantoci ke kira zaizayewar kadara, kuma ɗawainiya ce kamar kuɗin mai, ko da ba a ga fitarta daga aljihu ba. Ribar gaskiya dubu 200 ce. Dubu 600 da aka haɗa a rabo jarin ƙungiya ne aka cinye. Bayan shekara biyar inji ya kwanta, asusu ba komai, a fara zargin shugabanni da cin amana, alhali kowa ya ci rabonsa. Ganin yadda farashin kaya ke hawa ma, dubu 600 ɗin ba lallai su sayi sabon inji ba idan lokaci ya yi.

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta tarayya ta 1993, wadda ta samo asali daga ta farko ta 1935, ta hango wannan. Ta ce a binciki littattafan ƙungiya mai rajista aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na riba zuwa asusun ko-ta-kwana. A misalin da ya gabata, dubu 50 ke nan a ajiye, dubu 150 a raba.

Lissafi na uku: wa ke riƙe da mabuɗi?

Ba kowace matsala ce ta alƙaluma ba, wata ta tsarin shugabanci ce. A ce ƙungiya ta karɓi buhun taki 200. Takardar rabo ta nuna mambobi sun sa hannu a kan 185. Aka buɗe sito aka ƙirga tara. Ina shida suke?

Idan mutum ɗaya ne ya karɓo takin, shi ke riƙe da mabuɗi, shi ne kuma ke rubutawa, tambayar ba za ta taɓa amsuwa ba, kuma ko da shi mai gaskiya ne ba shi da abin wanke kansa. Shi ya sa ƙa'idar farko ta tafiyar da kowace ƙungiya ita ce raba aiki. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban. Kuɗi ba ya fita daga banki sai da sa hannun mutum biyu. Ana ƙirga kayan sito a gaban shaidu kafin rabo da bayansa. Mai binciken kuɗi kuma kada ya kasance ɗan ɗakin shugaba. A taron shekara a karanta lissafi da Hausa a gaban kowa, a ba mambobi damar tambaya.

Da yawa na ganin neman rasit daga dattijo ko malami raini ne. Sai dai bango ke tsagewa kafin ƙadangare ya samu wurin shiga, kuma ƙungiyoyin da suka wargaje a kan buhu shida sun fi waɗanda fari ya karya saurin mutuwa.

Zakka ma da lissafi take

Wanda ke ganin rubutun kuɗi al'adar Turawa ce ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Littafin Luca Pacioli da ya yaɗa tsarin lissafi mai shafi biyu a Turai bai fito ba sai a 1494.

Zakka kanta ba ta fita daidai sai da ƙidaya. Hatsin da ya kai nisabi, wato awsuƙi biyar, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin idan da wahala da kuɗi aka yi ban-ruwa. Manomin da ya samu buhu 60 a damina zai fitar da shida, mai noman rani da injin ban-ruwa kuma uku. Ga ɗan kasuwa kashi 2.5 cikin 100 ne, kuma malaman Malikiyya sun bambanta mai jujjuya kaya kullum, wanda ke ƙiyasta kayansa a ƙarshen shekara, da mai ajiya yana jiran kasuwa, wanda ke fitarwa idan ya sayar. Zakka ba ta ɗauke haraji, haraji ma ba ya ɗauke zakka, amma littafi guda ne ke yi wa duka biyun hidima.

Daga ina za a fara?

Ba sai da kwamfuta ko akanta mai digiri ba. Littattafai uku na 'yan makaranta sun isa: na shige da ficen kuɗi, na kayan sito, da na bashi. A rubuta a ranar da abin ya faru, da boko ko da ajami. A raba asusun kasuwa da na gida. A adana rasit, a ɗauki hotonsa a waya kafin tawadarsa ta goge. Gidan da maigida bai iya rubutu ba, da wuya a rasa ɗa ko 'ya 'yar sakandare da za ta riƙe littafin.

Su ma hukumomi akwai nasu nauyin. Ba za a nemi ɗan kasuwa ya kawo shaidar abin da ya kashe ba, alhali masu karɓar kuɗi a kasuwa da kan hanya ba sa ba da rasit. Haka kuma bayanin dokar na buƙatar isa Ɗandume da Bakori da harshen da mutane ke ji, ba a tsaya a ɗakunan taro na Abuja ba.

Da buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024, masu sayen amfanin gona domin fitarwa waje da bankunan da ke ba su rance za su ƙara tambayar abu ɗaya da jami'in haraji ke tambaya: ina littafinka? Manomin yankin ya daɗe da sanin awon gona da na buhu. Abin da ya rage masa shi ne awon riba.