Daga Bukkuyum zuwa Sakkwato: abin gani, abin ci da hattarar hanya

Kafin ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Sakkwato ce hedikwatar mutanen Bukkuyum da Anka da Gummi. Har yau ƙafarsu ba ta ɗauke daga can ba. Wani asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke kai shi, wani sarin kaya, wani kuma duba ɗa ko ƙane da ke karatu. Sai dai galibi da zarar buƙata ta biya sai a nufi tasha, a bar birnin Shehu ba a gan shi ba. Alhali kwana biyu sun ishi baƙo ya zaga, muddin ya tsara tafiyarsa da la'akari da rana da kuma halin hanya.

Shirin yana farawa tun daga gida. Hare-haren 'yan bindiga sun sauya yadda ake tafiya a yammacin Zamfara, kuma direbobin haya sun fi kowa sanin halin da hanya ta kwana. Shi ya sa matafiyi mai hankali ke leƙa tasha tun jajibiri ya ji labari, ya shiga mota a cikin tasha maimakon bakin titi, ya kuma bari gari ya waye sarai kafin a tashi. Wanda ya biyo ta Anka ya hau babban titin Gusau zuwa Sakkwato zai ratsa Talata Mafara da Tureta da Dange. Abin da ake so shi ne a sauka kafin la'asar. Katin shaidar ɗan ƙasa ya kasance a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, a kuma shaida wa wani a gida motar da aka shiga.

A cikin gari, da Hubbaren Shehu ake farawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa. Gidan nan ne ya zama Hubbare. Nan kabarin 'yarsa Nana Asma'u yake, malamar da ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. Wasu daga cikin sarakunan Musulmi ma nan suke kwance. Masu ziyara na zuwa daga Nijar da Kamaru da sauran ƙasashe, mata kuma suna da yawa a cikinsu. Ana tuɓe takalmi, ana shiga da sutura ta kamala, ba a ɗaga murya, kuma kafin a ɗauki hoto a nemi izinin masu kula da wurin. Yana da kyau a tanadi canji, domin masu neman sadaka ba sa rabuwa da ƙofar.

Daga nan Masallacin Shehu da Masallacin Bello da fadar Sarkin Musulmi duk suna cikin tsohon gari, ba su yi wa juna nisa ba. Sarkin Musulmi na yanzu, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, shi ne na 20, ya hau gadon sarauta a Nuwamban 2006. Ranar Juma'a da lokutan hawan salla ne harabar fadar ke cika da dogarai da mahaya.

Mai son tarihi ya ware sa'a biyu don gidan adana kayan tarihi na Waziri Junaidu, inda aka tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da makamai da kayan sarauta. Akwai kuma Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta gwabza da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Sunan ne filin wasan ƙwallon birnin ke ɗauke da shi. Kabarin Bello kuwa yana Wurno, kuma hanyarta, kamar sauran hanyoyin gabashin jihar, ba a kama ta sai an tambayi 'yan gari.

Duk wannan zagaye aikin safiya ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma lokacin ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a ɗakunan da aka cunkushe babu iska. Tsakanin azahar da la'asar a nemi inuwa, a yawaita shan ruwa.

Da rana ta yi sanyi sai kasuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Dukawa na ɗinka takalma da jakunkuna da tintimi da ita, kuma taya ba abin kunya ba ne. A Kasuwar Kara ake hada-hadar dabbobi, yankin kuma ya shahara da albasa, wadda manyan motoci ke ɗiba zuwa kudancin ƙasa.

Bazamfare ba zai yi baƙunta da abincin garin ba. Da safe akwai waina da kunu da ƙosai, da rana fura da nono, da dare tuwon shinkafa ko na dawa da miyar kuka, sai tsire da balangu a bakin titi, kilishi kuma tsarabar gida. Hikimar ita ce a ci inda 'yan gari suka yi layi, domin tukunyar da ake rububinta ba ta kwana. Nama a karɓe shi da zafinsa daga kan wuta. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke ɓarkewa, a tambayi irin ruwan da aka dama fura ko zoɓo da shi, a tsaya kan ruwan roba ko na leda mai lambar hukumar NAFDAC.

Zirga-zirga a gari ta ɗan kabu-kabu ce da keke mai ƙafa uku. A yi ciniki kafin a hau, kada a riƙe waya a fili a cikin cunkoso, kuɗi kuma a raba su aljihu biyu. Wanda zai cire kuɗi wurin mai POS ya rufe lambobin sirrinsa da hannu. Masauki a kama shi tun da rana, gidan ɗan'uwa ko otal ɗin da wani sananne ya taɓa sauka. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Ranar komawa, motocin Gusau da Anka da Gummi sun fi saurin cika da safe. Wanda hidima ta riƙe shi har bayan azahar gara ya ƙara kwana, ya bugo waya gida, ya bi motar farko washegari.