Maya da Indiya: Yadda Aka Gano Sifiri

Kowane ɗan ajin yaƙi da jahilci ya san sifiri. Idan aka rubuta 1, aka sa masa sifiri, ya zama 10. In aka ƙara wani, ya zama 100. Amma a zamanin dā, al'ummomi da yawa sun yi ta lissafi ba tare da wannan alama ba. Ko Rumawa, duk ƙarfin mulkinsu, ba su da ita. Cikin waɗanda suka gano ta akwai mutanen Maya da mutanen Indiya. Babban teku ya raba su, ba su taɓa haɗuwa ba. Kowa da ƙoƙarin kansa ya gano.

Mutanen Maya

Ƙasar Maya tana nahiyar Amurka, a kudancin Meksiko da Gwatamala da maƙwabtansu. Biranensu sun bunƙasa tsakanin shekara ta 250 da ta 900 Miladiyya. Manoman masara ne. A Meksiko ma aka fara noman masara, kafin ta bazu duniya.

Ashirin-ashirin suke ƙirga, wato yatsun hannu da na ƙafa. Ɗigo ɗaya shi ne ɗaya. Layi a kwance shi ne biyar. Saboda haka layi ɗaya da ɗigo biyu bakwai ke nan. Sifiri kuwa, sai su yi zane mai kama da katantanwa.

Sun ƙware wajen duban sama. Shekararsu kwana 365 ce: wata 18, kowane wata kwana 20, da ƙarin kwana 5. Sun lura Gamzaki yana komawa inda ya fara bayan kwana 584. Har lokutan husufi sukan lissafa.

Mutanen Indiya

Su kuwa goma-goma suke ƙirga. A shekara ta 499, wani masani mai suna Aryabhata ya rubuta littafi. Ya ce duniya ce take juyawa, shi ya sa ake ganin kamar taurari suna tafiya. Ya kuma ce idan wata ya yi zazzaɓi, inuwar duniya ce ta faɗa a kansa.

A shekara ta 628, wani masanin, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin sifiri. Ya ce in an tara lamba da sifiri, tana nan yadda take. In kuwa an ɗebe lamba daga kanta, abin da ya rage sifiri ne.

Ina bambancin yake?

Dukansu sun yi zurfi, amma ƙarshen iliminsu ba ɗaya ba ne.

Lissafin Indiya ya fita waje. Wajen shekara ta 825, Al-Khawarizmi ya rubuta littafi a kansa a Bagadaza. Daga Larabawa ya shiga Turai. Lambobin 1, 2, 3 da ake koya a aji yau asalinsu Indiya ne. Kalmar sifiri ma daga Larabci Hausa ta aro ta, ma'anarta wofi, babu komai.

Na Maya kuwa yana hannun 'yan kaɗan, malaman addininsu da marubutan fada. A shekara ta 1562, wani malamin coci ɗan Sifen, Diego de Landa, ya sa aka ƙone littattafansu masu yawa. Huɗu kaɗai suka rage zuwa yau. Jikokin Maya suna nan, miliyoyinsu, suna magana da harsunansu. Amma karatun tsohon rubutun ya ɓace, sai da masana suka daɗe suna fama kafin su warware shi.

Ilimin da ke hannun mutum kaɗan, gobara ɗaya tana iya cinye shi. Wanda aka koya wa jama'a kuwa, da wuya ya ɓace. Duk wanda ya iya karatu da lissafi, ya koya wa iyalinsa da maƙwabcinsa.