Azara da Kalmomin Soron Manomi a Kance

A tsofaffin gidajen manoma na ƙasar Kance, kusa da Matameye a jihar Damagaram, bango na tubali ne, amma ƙashin rufin itace ne. Wannan itace shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsattsaga. Magina sun fifita ta domin gara ba ta cika cin ta ba.

Sai dai azara ba ta jure nauyin rufin ƙasa idan tazarar bango ta zarce kimanin mita 2. Shi ya sa ɗakunan kwana kan zama matsattsu. In ana son zaure mai faɗi, sai a ɗaure azara bisa azara, a lulluɓe da laka, a tayar da bakan gizo. Inda baka biyu suka gitta juna, an sami ɗaurin guga. Daga bisani a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a kafa indararo don ruwan damina.

Yau rufin kwano na maye gurbin soro, kuma kowane soro ya rushe, kalmominsa kan bi shi. Wajibin ɗaliban harshe ne su tattara su daga bakin tsofaffin magina tun suna raye.