Aikatau Mai Rakiya a Turanci da Yadda Yake Aiki a Maganar Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi ba mai koyon Turanci wuya akwai wani nau'in aikatau da masana nahawun wannan harshe ke kira phrasal verb. Shi dai gajeren aikatau ne, kamar put, take, get, give ko look, wanda ke tafiya tare da wata ƙaramar kalma, kamar up, out, off, on ko in, su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. A cikin wannan maƙala za a kira shi aikatau mai rakiya, ƙaramar kalmar kuwa a kira ta 'yar rakiya. Sau da yawa ɗalibi yakan san ma'anar give, ya kuma san ma'anar up, amma in ya ji He gave up sai ya kasa gane cewa saduda mutumin ya yi. Manufar maƙalar ita ce bayyana yadda wannan aikatau yake aiki cikin jimla, da kuma nuna cewa wani ɓangare na aikin 'yar rakiya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe.

2.0 Asalinsa da Matsayinsa

Tun a shekarar 1755 Samuel Johnson ya ambaci wannan haɗi a gabatarwar ƙamusunsa, inda ya nuna cewa yana wahal da baƙin harshen ƙwarai. Sunan da aka san shi da shi a yau kuwa ya bazu ne ta littafin Logan Pearsall Smith na 1925, sannan Dwight Bolinger ya keɓe masa littafi sukutum a 1971.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin Turanci. Wannan ne ya sa ma'ana ɗaya takan sami kalmomi biyu, ɗaya 'yar gida, ɗaya ta aro: put off da postpone, find out da discover, give up da surrender. Ta aron ta fi yawa a rubutun hukuma da na ilimi, 'yar gidan kuwa ita ce a bakin mutane a gida da kasuwa da wurin aiki. Saboda haka wanda ya koyi Turanci a littafi kaɗai yakan iya karanta rahoton gwamnati, amma hirar kan titi ta gagare shi. Binciken da Dagut da Laufer suka buga a 1985 a kan ɗalibai masu jin Ibrananci ya nuna cewa sukan kauce wa aikatau mai rakiya su zaɓi kalma guda, musamman inda ma'anar ba a fili take ba.

3.0 Tsarinsa Cikin Jimla

Babban littafin nahawun Turanci na Quirk da abokan aikinsa, na 1985, ya kasa irin waɗannan aikatau gida uku, kuma kowane gida da dokarsa.

Kashi na farko shi ne wanda 'yar rakiyarsa bayanau ce. Yana iya zama ƙi-karɓau, kamar The lorry broke down, wato motar ta lalace. Yana kuma iya zama so-karɓau, a nan ne 'yar rakiya take da damar sauya wuri:

1a. She turned off the lamp.
1b. She turned the lamp off.
1c. She turned it off.
1d. *She turned off it.

Jimlolin 1a da 1b duk daidai ne, ma'anarsu ta kashe fitila. Amma idan karɓau wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakani kamar a 1c. Alamar tauraro a 1d tana nuna jimlar da ba ta karɓuwa. Haka nan idan karɓau ya yi tsawo, akan fi son 'yar rakiya ta zauna kusa da aikatau, don kada mai sauraro ya manta da ita kafin ta iso.

Kashi na biyu shi ne wanda 'yar rakiyarsa harafi ce mai jan suna a bayanta, don haka ba a raba ta da aikatau. Ana cewa He looks after them, yana kula da su, amma ba a cewa *He looks them after.

Kashi na uku yana ɗauke da 'yan rakiya biyu, kamar put up with, wato jure, da look down on, wato raina, da run out of, wato abu ya ƙare wa mutum.

Ana iya bambance na farko da na biyu ta furuci, domin a na farko ƙarfin murya yakan faɗa kan 'yar rakiya, a na biyu kuwa galibi kan aikatau. Idan kuma aka mai da aikatau mai rakiya suna, kamar breakdown ko takeoff, sai ƙarfin muryar ya koma gaɓar farko.

4.0 Ma'anarsa da Abin da Hausa ke Nunawa

Ma'anar aikatau mai rakiya hawa uku ce. Akwai ta fili, akwai ta kammala aiki, akwai kuma ta adon magana. A hawa biyu na farko kwatanci da Hausa yana da amfani sosai. F. W. Parsons, a aikinsa na 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa ga ɗafa-ƙeya da karin sauti. Aji na huɗu, mai ƙarewa da -e, yakan nuna an game abu duka, aikin da up ke yi a jimloli da yawa:

2a. He ate the food. Ya ci abincin.
2b. He ate up the food. Ya cinye abincin.
3a. They bought the millet. Sun sayi geron.
3b. They bought up the millet. Sun saye geron.

A nan up ba ta da wata dangantaka da sama. Haka nan aji na biyar, mai ƙarewa da -ar, yakan nuna rabuwa da abu, kamar yadda away ke yi: throw away shi ne jefar da, pour away shi ne zubar da.

Akwai kuma inda harsunan biyu suka yi musayar aiki. A go out da come out, 'yar rakiya ce ke ɗauke da ma'anar waje, aikatau kuwa ya nuna nesa ko kusa da mai magana. A fita da fito, saiwar kalma ce ke ɗauke da ma'anar waje, sai ɗafa-ƙeyar aji na shida ta nuna kusantowa. Haka abin yake a go in da come in, wato shiga da shigo.

A hawa na uku ɗafa-ƙeya ba ta da taimakon da za ta yi. Take off kaɗai yana nufin tuɓe riga, da tashin jirgin sama, da ɗaukar hutun aiki, kuma abin da ke kewaye da shi ne ke fayyace wadda ake nufi. Amma ko a nan Bahaushe yana da abin kwatance, domin wanda ya san ci, ya san gaba, ba lalle ne ya gane ci gaba ba, balle ci amana ko sha kashi. Yadda ake koyon waɗannan a dunƙule, haka ake koyon carry on ko let down.

5.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

A Turancin Nijeriya ana yawan jin abubuwa uku. Na farko, a jefar da aikatau a mai da 'yar rakiya aikatau, kamar off the light maimakon switch off the light. Na biyu, a ƙara 'yar rakiya inda ba a bukatarta, kamar cope up with maimakon cope with. Na uku, a bar ta inda ake bukatarta, kamar pick the phone maimakon pick up the phone. Waɗannan sun zauna a maganar jama'a, kuma ana fahimtar juna da su, sai dai jarrabawar kammala sakandare da daidaitaccen Turanci take awo, ɗalibi kuwa shi ke asarar maki.

6.0 Kammalawa

Aikatau mai rakiya kullum ƙaruwa yake yi, kamar yadda log in, sign up da shut down suka zama ruwan dare da zuwan kwamfuta da wayar hannu. Haddace jerin ɗaruruwansu ba tare da jimla ba wahala ce mai ƙarancin riba. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya fara da masu ma'ana ta fili, ya bi da masu nuna kammala aiki yana kwatanta su da cinye da shanye da saye, sannan ya koyar da na adon magana ɗaya bayan ɗaya cikin jimla, tare da nuna wurin zaman karɓau a kowanne.